Sakainar Gidan Aƙilu

A Rafin Kanya, wani ƙauye mai ganuwar ƙasa tsakanin Kafur da Malumfashi, ba a naɗa Sarkin Noma da baki. Mutanen garin sun san halin junansu sarai. Sun san in aka ce kowa ya ɗaga hannu, to wanda ya fi dawa a rumbu shi zai ga hannuwa. Don haka tun zamanin kakanni suka fito da wata dabara. In Sarkin Noma ya rasu, sai a nemo masaki, babbar ƙwaryar nan, a ba gyartai ya yanka ta gutsi-gutsi, kowace sakaina da irin karkacewar bakinta, a raba wa kowane gida ɗaya. Ran zaɓe a ajiye tulu biyu a zauren Maigari, a saki asabari, kowane maigida ya shiga shi kaɗai ya jefa tasa a tulun wanda yake so. In an gama a zazzage a ga tulin da ya fi. Amma ba a faɗin wanda ya ci sai gyartai ya harhaɗa sakainun nan ya ɗinke, ƙwarya ta koma ƙwarya. In wani ya sako baƙuwar sakaina ba za ta sami wurin zama ba, in kuma an sace ɗaya ɓula za ta nuna. Ɓular da aka yarda da ita guda ce tak: in maigida ya mutu bayan an yi rabo, sai a toshe gurbinsa da fatar akuya.

Kada wani ya raina sarautar nan don babu doki a cikinta. Sarkin Noma shi ke cewa gonar wa za a fara yi wa gayya, ta wa za a bari sai ciyawa ta kai gwiwa. Shi ke da bakin magana a rabon fadama. A shekarar da tsohon sarkin ya kwanta dama, ana cikin zafin bazara, mutum biyu suka fito nema, Sanda da Mudi, kuma tun suna samari ba su taɓa shan ruwa a moɗa ɗaya ba. Sanda na da tsofaffin gidajen gari a bayansa. Mudi kuwa ya kama baƙi, mutanen da hare-hare suka koro daga arewa da Fulanin da suka ajiye yawo suka kama garma.

Lauratu ba ta damu da wanda zai ci ba, don ko wanne ya ci ita ce ta ƙarshe a gayya. Abin da ke gabanta daban ne. Ita matar Aƙilu ce, ƙanen Sanda uba ɗaya. Shekarun baya, wani rani da mahara suka sauko, Aƙilu da Mudi suna sassabe a gonakin nesa da ganuwa. Mudi ya dawo da yamma jikinsa duk ƙaya, Aƙilu bai dawo ba. Mudi ya tsaya a ƙofar gidanta ya rantse cewa ya ɓuya a cikin kargo, ya ga an ɗaure Aƙilu da igiya a ƙugu, an tasa shi gaba yana tafiya da ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Wannan maganar ita Lauratu ta riƙe. Da ita take tashi, da ita take shiga fadama ta yi noman da maza ke yi, da ita take lallashin Inna, mahaifiyar Aƙilu, wadda idanunta suka tafi a bara waccan. Ai ana dawowa. An ga wanda aka fanso, an ga wanda ya tsere ya shigo gari da gemu fari. Liman ya sha gaya mata cewa shari'a ta ba ta dama a raba auren ta huta, ita kuwa ta ce ba ta kawo ƙara ba.

Sanda ne bai bar ta ta sha ruwa ba duk tsawon shekarun nan. A al'adar garin, gidan matafiyi gida ne tsayayye, gonarsa tasa ce, kuma in an yi rabon sakaina ana ba matarsa, ita kuma ta miƙa wa namijin da ta amince ya jefa masa. Amma gidan da maigida ya mutu bai bar ɗa namiji ba, to gonar fadamarsa ta koma hannun ɗan'uwansa. Lauratu ba ta haihu ba. Gonar Aƙilu kuwa tana bakin rafi, rake da albasa take yi ko da an yi fari. Saboda haka ba damina da za ta faɗi Sanda bai je gaban Maigari ya ce ƙanensa ya riga mu gidan gaskiya, a daina yaudarar mace ba. Kullum shaidar Mudi ke mayar da shi gida da borin kunya.

To, sai ga matsalar ƙwarya. Da aka je ɗauko masakin da aka ajiye a rumbun marigayi don irin wannan rana, aka tarar gara ta cinye gindinsa tas. Duman bana kuwa bai yi albarka ba, duk ƙwaryar da aka kawo sai ka ce ta shan fura. Ga gari ya cika ya batse, har an yi bukkoki a jikin ganuwa. Ummaru gyartai ya duba ƙwaryar da ta fi girma a cikin waɗanda aka tara, ya juya ta, ya ce ba za ta ishi gidajen garin ba. In ya yanka ta ƙanana fiye da babban yatsa, basilla za ta farfasa su, ba za su ɗinku ba.

Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Maigari don a san abin yi. Lauratu na bayan danga tare da matan gidan Maigari, suna gurzar auduga, komai a kunnenta. Mudi ya ce abu mai sauƙi ne, a yanka ƙwarya biyu kowa ya samu. Kai, kamar ya zuba wuta a zana! Mutanen Sanda suka ce inda aka yarda da biyu, ta uku ma za ta shigo ta bayan gida, kuma wa ya san adadin ƙoren da matan Fulani ke da su a jere. Wani Bafulatani ya tashi ya ce su ƙorensu na nono ne, ba su iya sata da su ba, sai dai in za a koya musu a nan. Sanda ya ce ƙwarya ɗaya aka gada, ɗaya za a yanka, in ba ta isa ba a fara da gidajen da suka tarar da kabarin kakanninsu a garin, sauran su jira wani zaɓen. Baƙi suka ce da ake gyaran ganuwa ba a tambaye su kabarin kaka ba, kwando aka miƙa musu. Daga nan magana ta lalace. Aka tuno zaɓen da ya wuce, wai uban wane ya shiga zaure da sakaina biyu a hammata, wai gyartan wancan lokacin an ga buhun gero ya kwana a ƙofarsa. Ummaru ya ce gyartan wancan lokacin ubansa ne, duk wanda ya fasa maimaita maganar bai cika ɗan halak ba. Maigari, tsoho ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, yana ta cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa.

Da ƙura ta ɗan lafa, Liman ya ce a fara lissafa gidajen tukuna, a san bakin abin da ake faɗa a kai. Sanda ya karɓe lissafin tsofaffin gidaje, yana kira ana amsawa. Ya zo kan gidan Aƙilu ya kira shi da ƙarfi, ko kunya babu, mutumin da ya shekara da shekaru yana binne ƙanensa da baki. Lauratu ta ji ta yi tsaki. Ta san lissafinsa: sakaina za ta zo hannunta, wa ke gare ta da za ta miƙa wa in ba wan mijinta ba?

Mudi ma ya yi wannan lissafin. Ya miƙe ya gyara rigarsa, ya ce in dai maganar hana maguɗi ake yi, to a fara da hana matattu jefa sakaina. 

"Aƙilu ya mutu," in ji shi. "A gabana kibiya ta same shi a wuya, a kwarin marke. Na ɓoye ne don tausayin tsohuwa da matarsa. Amma ba zan zuba ido a ci sarauta da gawa ba."

Ƙarfen gurza ya tsaya a hannun Lauratu. Matan da ke kusa da ita suka sunkuyar da kai, ba wadda ta iya dubanta. Ba ta yi kuka ba. A waje Sanda ya daka tsalle yana rantsuwa da kabarin ubansa cewa ƙanensa na nan da rai, har wai wani farke ya taɓa ba shi labarin ya gan shi a wata kasuwa yana saƙa. Ƙarya tsagwaronta, Lauratu ta san babu wani farke. Wanda ke cewa mijinta ya mutu ya koma yana cewa yana raye, wanda ke cewa yana raye ya koma yana cewa ya mutu, duk a kan guntun ƙwarya. Tir da wannan hali!

Liman ya yanke cewa ba a kashe mutum da shaidar mutum ɗaya, balle wanda ya faɗi magana biyu, don haka gidan Aƙilu na nan a lissafi. Maganar ƙwarya kuma aka tsaya a kan a je kasuwar Kafur a sayo masaki mafi girma, a ba duk gidan da ya gina rumbu a cikin ganuwa, baƙo ko ɗan gari. Kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya suka raka mai sayayya, suka dawo da masakin a tsakiyarsu suna harare-harare, kowa na tsoron kada ɗayan ya sayo tagwayensa. Ummaru ya yanka shi a bainar jama'a, aka share ɓarɓashin aka ƙone. Da aka zo rabo, sakainar da ta faɗo wa gidan Aƙilu ta tsakiyar gindi ce, mai ɗan cibi. Lauratu ta ƙulle ta a bakin zanenta.

Washegari da hantsi sai ga Sanda ya yi sallama da damin dawa a kai, shi da ko ran sallah ba ya leƙo gidan. Ya durƙusa ya gai da Inna, yana ta yi wa ƙanensa addu'ar Allah Ya dawo da shi lafiya, tsohuwa na amsawa da murna har da hawaye. Da ya fito tsakar gida ya rage murya ya ce wa Lauratu ta kawo ajiyar ya adana, kada ta ɓata a hannun mace. Ta ce masa, Yaya, ai ba ta da nauyi. Ya ce to ran zaɓe fa? Ta ce Allah Ya kai mu. Ya fita yana murmushin da bai kai ciki ba, ita kuwa ta bi damin dawar da kallo kamar ta watsa wa kaji.

Ba ta iya zama ba. Ta yafa mayafi ta fita ta ƙofar yamma, ta iske Mudi a gonarsa yana tara kara zai yi toyi. Da ya hango ta ya juya baya ya ci gaba da aikinsa. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai nema ba. Ta tambaye shi a wane gefen kwarin ne, ya ce gefen gabas. Ta tambaye shi wa ya rufe gawar, ya ce shi ta kansa yake yi a ranar. Ta ce ai bayan kwana biyu maza sun fita sun bi kwarin nan kaf ba su ga komai ba, ya ce daji na da masu shara. Duk yana magana idonsa na kan kara.

"Malam Mudi," in ji ta, "sau biyu ka yi mini magana a kan maigidana. Wacce ce ƙaryar? Ita kaɗai na zo ji."

Ya jingina da manjagararsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ba kowa sai tsuntsaye.

"Abin ya daɗe, kuma ranar a firgice nake," in ji shi. "In kika ba ƙanena sakainar nan ya jefa mini, wataƙila in zauna in tuna da kyau. Mai yiwuwa wani ne na gani a kwance, ba shi ba."

Nan Lauratu ta gane abin da ta rasa. Da a ce ya tsaya a kan mutuwar, da ta yi kuka ta haƙura. Da ya ce ƙarya ya yi don sarauta, da ta zage shi ta koma gida da sauran fatanta. Amma mutumin nan shi kaɗai ne ya ga abin da ya faru, kuma ga shi ya ɗora abin da ya gani a faifai yana talla. Daga yau ko me ya faɗa ba shi da amfani, har maganar farko da ta rayu a kanta. Ta tsane shi tsanar da ba ta taɓa yi wa mahara ba, don su ba su taɓa cin tuwo a gidanta ba. Ta tofar da yawu a gefen ƙafarsa ta juya.

A hanya ta yanke shawararta. Tunda ƙwarya ba ta rufuwa sai da kowace sakaina, to ba za ta rufu ba. Za ta riƙe tata har sai garin ya ji a jikinsa, har sai an tashi mutum an haɗa shi da fatake ya bi kasuwannin arewa ya tambayo mata labari na gaskiya. Tun shekarar farko take roƙon haka ana ce mata sai bayan girbi. Yanzu kam ga abin da suke so a bakin zanenta. Ba ta gaya wa kowa ba, Inna ma ba ta san an yi wata magana a gindin tsamiya ba, don Lauratu ta roƙi maƙwabciyarsu Hajo kada wanda ya kawo mata.

Ran zaɓe gari ya tashi da hadari a gabas, iska na kaɗa ƙanshin ruwa, kowa hankalinsa rabi a zaure rabi a gona. Kowane ɓangare ya kafa mutanensa a bakin ƙofa. Duk wanda zai shiga sai ya buɗe tafin hannu ya nuna sakaina ɗaya, ya ɗaga hammata, ya cire hula a girgiza. Dattawa masu furfura ana lalube su kamar ɓarayin kaji, wallahi abin kunya, amma ba wanda ya yarda a ɗaga wa wani. Sanda ya aiko wa Lauratu har sau biyu, ta ce a ce masa tana zuwa. A cikin hayaniyar ya ɗauka ta ba wani daga cikin mutanensa, Mudi kuma ya ɗauka ta ba ƙanensa a ɓoye.

Bayan azahar aka zazzage tuluna a kan tabarma. Ko makaho ya shafa ya san tulin Mudi ya fi, ba da ɗaya ba, ba da biyu ba. Fuskar Sanda ta yi baƙi ƙirin. Baƙi suka fara murna, Liman ya ce a dakata, ƙwarya ba ta rufu ba tukuna. Ummaru ya zauna da basillarsa da zare, yana gwada baki da baki yana ɗinkewa, jama'a sun yi masa rumfa har ba ya samun iska. Da la'asar ya ɗaga ƙwaryar sama, sai ga haske ta tsakiyar gindinta.

To fa! Mutanen Sanda suka ce ga shi nan, an yi sata, zaɓe ya ɓaci, a sake. Mutanen Mudi suka ce waɗanda suka faɗi ne suka haɗiye ɗaya don su ɓata. Wani ya ce a kwance wa gyartai wando a duba. Aka fara cacar baki, aka koma ture-ture, wani ya zaro ƙotar fartanya, jini ya fito a goshin wani dattijo. A cikin wannan ne Lauratu ta ratso maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba a wurin, ta tsaya gaban Maigari ta kwance bakin zanenta ta ɗaga sakainar. Sanda ya miƙo hannu, ƙanen Mudi ma ya miƙo, ta mayar da ita cikin tafinta ta dunƙule.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya sata," in ji ta. "Ta maigidana ce. Ɗaya ya ce ya mutu, ɗaya ya ce yana saƙa a kasuwa. A tashi mutum ya je ya gano mini. Ran da aka kawo mini shi, ko aka nuna mini inda yake kwance, ran nan za ku rufe ƙwaryarku."

Aka yi mata caa. Masu cewa a murɗe hannunta a ƙwace na yi, masu cewa mace ta raina gari na yi. Liman ya ce ba a ƙwatar sakaina, wadda aka ƙwata ba ta ƙirguwa. Maigari ya dubi hadari ya dubi jama'a, ya ce tafiya arewa da dawowa ai sai kaka, wa zai tsara gayya kafin nan? Lauratu ta ce wannan kuma su ya dama. A ranta ta ɗauka ta kama su, har wani daɗi ya ɗan ratsa ta.

Kuskurenta ɗaya ne, ta ɗauka ƙiyayyar mutanen nan biyu ta fi kwaɗayinsu. Tana tsaye ta ga Mudi ya matsa kusa da Sanda ya yi masa magana a kunne. Sanda ya dubi ɗinkakkiyar ƙwaryar, ya dubi wajen rafi. Suka shiga zaure su biyu suka saki asabari, mutanen da ko gaisawa ba sa yi. Ba su jima ba suka fito.

Sanda ne ya yi magana, har da share ido da bakin riga. Ya ce tsoron Allah ya kama shi, ba zai ci gaba da ɓoye gaskiya ba. Ya ce a ranin da abin ya faru ya koma kwarin marke shi kaɗai, ya tarar da abin da namun daji suka bari, ya gane ƙanensa da layar da ke damtsensa, ya tona rami ya rufe, ya yi shiru don kada zuciyar tsohuwa ta buga. Maganar farke kuwa, ya ce, son zuciya ne, yana neman gafara. Mudi ya ce haka ne, gefen gabas. Shaidu sun zama biyu ke nan.

Babu wanda ke wurin da bai san abin da aka ƙulla a zauren nan ba. Mudi ya sami ƙwaryarsa, Sanda ya sami gonar bakin rafi. Liman ya sani, don ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya buɗe baki. Lauratu ta ce a tambayi Sanda ya nuna ramin, Sanda ya ce ruwan shekaru ya shafe wurin. Ta dubi fuskokin mazan nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi gayya da mijinta, waɗanda suka ci goron aurenta, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Aradu ta yi ƙara a gabas. Liman ya ce tunda mutum biyu baligai sun shaida, Aƙilu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, matarsa ta shiga takaba daga yau. Jama'a suka shafa fatiha da sauri, kamar masu gudun kada ruwa ya tarar da su.

Ummaru ya aika aka kawo guntun fatar akuya. Ya yanka daidai ɓular, ya ɗinke ta da kyau, ya zuba gero a ƙwaryar ya girgiza, ko ƙwaya ba ta zuba ba. Aka miƙa wa Mudi, maroƙi ya fara kirari, baƙi da 'yan gari suka haɗu ana ta barka. Ba wanda ya sake tambayar sakainar da ke hannun Lauratu, ba ta da sauran aiki.

Ta koma gida yayyafi na fara sauka. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi, ta ji tafiyarta ta ce, ɗiyar nan, an gama? An dai ƙirga gidanmu ko? Lauratu ta matso kusa da ita. Sai ta kama hannun tsohuwa ta sa mata sakainar a tafi. Inna ta shafa bakinta, ta shafa ɗan cibin, fuskarta ta washe. Ta ce ai ta gindi ce ma suka ba shi, a adana masa, in ya dawo ya ga garinsu bai manta da shi ba.

Can daga bakin lungu aka fara jin muryoyin mata suna tahowa, Hajo a gaba, ana salati ƙasa-ƙasa irin na masu zuwa gaisuwa. Inna ta karkata kunne, ta daina jan carbin.

"Ɗiyar nan, wa aka rasa a unguwar?"

Lauratu ta durƙusa a gabanta, ta haɗa hannuwan tsohuwa biyu ta riƙe gam, da sakainar a tsakiyarsu. Matar farko ta yi sallama a ƙofar gida.